Kura, Garun Malam da Bunkure: ruwa ɗaya, masu iko barkatai

Malamin Gona:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so mu tattauna tun kafin a shiga noman rani gadan-gadan. A takarda, Kura da Garun Malam da Bunkure ƙananan hukumomi uku ne a Jihar Kano. A wajen manomi kuwa ƙasa ɗaya ce, domin ruwa ɗaya suke sha, na dam ɗin Tiga da aka gina tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan yana fitowa daga Tiga, ya bi babban kanal, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya gangara da kansa har gona ba tare da inji ba. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta dubu 22, abin da aka kammala kuma wajen dubu 15 ne.

To ku duba yadda aka raba mu. A majalisar dattawa, Kura da Garun Malam suna Kano ta Tsakiya, Bunkure tana Kano ta Kudu. A majalisar wakilai, Kura da Garun Malam suna tare da Madobi, Bunkure tana tare da Rano da Kibiya. Dam da manyan kanaloli na gwamnatin tarayya ne, a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Taki da malaman gona na jiha ne, ta hannun KASCO, kamfanin samar da kayan noma, da KNARDA, hukumar raya noma da karkara. Kasuwa da hanyar ƙauye na ƙaramar hukuma. Tambayata ita ce: ranar da ruwa ya ƙi isa ƙarshen kanal a watan Janairu, alkama tana fitar da kai, ƙofar wa manomi zai ƙwanƙwasa?

Ɗan Kadawa:
Wa alaikumus salam Malam. Ka bar sarauta a lissafinka. Dokar 2019 da ta ƙirƙiro sababbin masarautu ta kai Kura da Bunkure Rano, ta kai Garun Malam Ƙaraye. A 2024 aka soke waccan doka, daga baya aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da Rano da Bunkure da Kibiya kaɗai, Kura da Garun Malam suka koma Kano. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, domin rigimar iyakar gona da ta ɓarnar shanu a wajen mai unguwa da dagaci ake fara kashe su, in ta gagara a kai gaban hakimi. Gonaki biyu na iya shan ruwan ƙofa ɗaya, amma dagatansu suna kai gaisuwa fada biyu.

Baba Injiniya:
'Ya'yana, na yarda da ku a kan rarrabuwar iko, amma kada mu ɗora wa siyasa abin da lissafin ruwa ne. Wannan aiki don alkama da tumatir da masara aka auna shi a rani. Alkama tana gama rayuwarta da ruwan da bai wuce milimita 450 zuwa 650 ba. Shinkafa tana cin ninkinsa, a ƙasa irin tamu ma ta fi haka, domin galibin ƙasar nan rairayi ce mai ɗan laka, ruwa ba ya zama a kanta, tsiyaya yake yi. Yanzu a ce manoman da ke bakin kanal duk sun koma shinkafar rani, kowa yana so fangalinsa ya kwana da ruwa. Faɗin kanal bai ƙaru ba. Me zai rage wa na ƙarshe?

Sai abu na biyu, wanda ya fi ba ni takaici. Kanal yana ɗaukar ruwa ne gwargwadon zurfinsa da santsinsa. Idan yashi da laka suka cika kashi ɗaya cikin uku, ciyawar kacala ta fito a ciki, ko an buɗe ƙofa har ƙarshe ruwan ba zai yi gudu ba, sai ya tumbatsa a sama ya malale inda ba a buƙatarsa. Mutum ya ga ruwa ba ya zuwa, sai ya fasa gefen kanal da dare ko ya jera buhunan ƙasa ya tare. Wanda ke bayansa shi ma ya yi haka. Kafin wata guda, tsarin juyin ba da ruwa ya mutu.

Na uku, magudanan fitar da ruwa. Kowa yana maganar kanal mai kawo ruwa, ba mai maganar wanda ke kwashe ragowa. An nome wasu, wasu sun toshe. Sakamakonsa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, gona ta jiƙe ba ta bushewa, kanwa ta fito fari-fat a samanta. Tumatir da albasa ba sa jure wannan. Mai gonar sai ya ga ba abin da zai yi a wurin sai shinkafa, ita kuma ta ƙara jiƙa maƙwabta. Haka abin ke yaɗuwa.

Malamin Gona:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma shi ne ma dalilin tambayata. Wa ke da ikon cewa a wannan sashe bana ba za a dasa shinkafar rani fiye da kaza ba? Hukumar kogi tana da ƙofa amma ba ta da ƙuri'a a ƙauye. Kansila yana da ƙuri'a amma ba shi da ƙofa, kuma ba zai faɗa wa mutanen mazaɓarsa abin da ba sa son ji ba.

Mai Lissafi:
Ku ba ni dama in shigo da yawan jama'a, domin shi ne ƙasan duk maganar nan. A ƙidayar 2006, Kura tana da mutum sama da dubu 140, Bunkure sama da dubu 170, Garun Malam sama da dubu 115. Jimla ta haura dubu 430. Faɗin Kura kimanin murabba'in kilomita 200 ne, Garun Malam ma kusan haka, Bunkure ta ninka kowaccensu fiye da sau biyu. Ma'ana tun a 2006 Kura tana da wajen mutum 700 a kowane murabba'in kilomita. Wannan cunkoso ne irin na gefen birni, a wurin da kusan kowa manomi ne.

Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta. Idan jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara, cikin shekara 23 zuwa 24 suke ninkawa. Hektocin da ke ƙarƙashin kanal kuwa suna nan yadda suke. Gonar da aka mayar wa mutum ɗaya bayan an daidaita ƙasa a shekarun 1970, yau an raba ta gado sau biyu. Magada shida, kowa da ɗan yankinsa, wasu sun bayar haya, wasu jingina. Bututun da aka tsara ya shayar da gona ɗaya mai amfani ɗaya yanzu yana hidimar mutum shida, wannan albasa, wancan shinkafa, kowa da ranar da yake son ruwa.

Kuma wannan lissafi bai haɗa da 'yan ci-rani ba, masu zuwa dashe da tsinkar tumatir da yankan shinkafa. Suna shan ruwan rijiyar garin, suna zuwa asibitin garin, amma ba a ƙirga su a kason kuɗin ƙaramar hukuma.

'Yar Bunkure:
Yaya Mai Lissafi, ka yi daidai da ka ware Bunkure, domin mutane suna jin sunanta sai su ɗauka duk lambu ce. Ba haka ba ne. Akwai ƙauyukan da kanal ya ratsa, akwai na tudu da ba su san komai ba sai damina: dawa, gero, masara, gyaɗa, wake. Ruwan sama a nan yana sauka daga ƙarshen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, wajen milimita 800 zuwa 900 a shekara mai kyau. Mutumin tudu noma ɗaya yake yi, na kanal biyu, wani ma uku. Wannan bambanci shi ne ainihin siyasar cikin gida. Na kanal yana neman a yashe magudana, na tudu yana neman rijiyar burtsatse da taki a kan lokaci da hanyar da za ta kai shi kasuwa. Mazaɓu goma ne, kowane kansila yana jan bargo wajensa.

Maganar taki kuma, matsalarsa lokaci ce. Masara tana son NPK cikin mako biyu da shuka, yuriya a mako na biyar zuwa na shida. Takin tallafi da ya iso a Agusta ya riga ya rasa amfaninsa a gonar damina, shi ya sa za ka gan shi a kasuwa washegari. In kuma jerin sunayen ya bi ta ofishin jam'iyya maimakon ƙungiyar manoma, to wanda ba shi da ko kunya ɗaya a gona zai karɓi buhu biyu.

Ɗan Kadawa:
Gaskiya ne. Har burtali ma a nan ya shigo. Da ƙasa ta yi tsada an nome hanyoyin shanu, makiyayi kuma dole ya kai dabbobinsa ruwa. Ya bi gefen kanal, kofato ya rusa bakin, ko ya faɗa gonar da ba a girbe ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, har da filin kiwo. Wato ciyaman yana da hurumin shata burtali ya kafa masa alama. Ba a cika yi ba ne saboda duk wanda aka ce ya janye daga burtali mai ƙuri'a ne.

Dillalin Kwanar Gafan:
Ni ta kasuwa zan duba muku. Abin da ya ɗaga yankin nan ba ruwa kaɗai ba ne, har da titin Kano zuwa Zariya. Kura ba ta fi tafiyar kilomita talatin da 'yan kai daga birni ba, motar Legas kuma a bakin kasuwa take lodi. Amma ku dubi yadda tumatir ke tafiya. Kowa yana zuba iri a Satumba zuwa Oktoba, ya dasa bayan mako uku zuwa huɗu, saboda sanyin hunturu ne ke sa fure ya kama. Don haka kowa yana tsinka lokaci ɗaya, Janairu zuwa Maris. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, wani lokaci kuɗin kwando da na mota su fi abin da ke cikin kwandon. Daga Afrilu zafi ya shigo, fure ya zube, kaya ya yi wuya, farashi ya tashi lokacin da manomi ba shi da ko ɗaya.

Kwandon kansa ɓarna ne. Babban kwando yana ɗaukar kilo 50 zuwa 60, a jera wani kan wani a tirela, a yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas. Na ƙasa ya matse, tsinken kwando ya huda na gefe. Akwatin roba kilo 25 yake ɗauka, nauyin kuma a kan akwatin yake sauka, ba a kan tumatir ba. Abin da ya hana shi karɓuwa shi ne dawo da shi: kwando a can ake barinsa, akwati sai an biya motar da za ta maido shi, kuma sai an san hannun wa yake.

An buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016, mai iya niƙa tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Bayan haka ma an sha tsayawa saboda ƙarancin kaya. Dalilin a fili yake: masana'anta tana son farashi tsayayye da kaya kullum, manomi kuma in kasuwa ta fi tsoka can zai kai, in ta faɗi ne yake neman masana'anta. Wanda bai samu mai saye ba sai ya yanka ya shanya kauɗa a ƙasa, ƙura da yashi su rage mata daraja.

Malamin Gona:
Alhaji, a kan sharon bari in ƙara, domin har yanzu ana kuskure ɗaya. Tsutsar tana shiga cikin ganye ne ta yi rami, maganin da ya tsaya a saman ganye ba ya isa gare ta. Manomi ya ga bai yi ba sai ya ninka awo, ya yi ta fesa iri ɗaya, ƙwarin su saba da shi. Abin yi: a duba ƙasan ganye tun a wajen renon iri, a riƙa sauya magani zuwa wanda sinadarinsa ya bambanta ba sunan kwalba kawai ba, a fesa da yamma, a tuge tsohon tumatir a ƙone da zarar an gama tsinka. Na ƙarshen nan ne ke buƙatar hukuma. In mutum ɗaya ya bar tsohuwar gonarsa tsaye, ya ajiye wa sashe guda iri.

Hajiya Mai Shinkafa:
Sannunku da ƙoƙari. Kun yi ta maganar gona, ba wanda ya taɓo inda shinkafar take zuwa bayan an yanke ta. Garin Kura da aka sani da rini, wanda har Buzaye ke neman baƙin yadinsa mai ƙyalli, yau da shinkafa aka fi saninsa, kuma mata ne ke turara kaso mai yawa a cikin gidaje. Aikin yana da ƙa'ida. A wanke shanshera a kwashe wadda ta taso sama. A jiƙa ta a ruwa mai zafi wanda bai tafasa ba, ta kwana. Da safe a tsame a turara, tururi ne zai dafa ta ba ruwa ba, har ɓawon ya fara tsagewa. A shanya a rana, a ƙarasa a inuwa. In ta jiƙu fiye da kima sai ta yi wari. In ta nutse a ruwan tukunya sai ta ƙasa ta dafe ta yi baƙi. In rana ta buge ta da yawa sai ta kakkarye a inji. Kilo 100 na shanshera mai kyau yana ba da kilo 60 zuwa 65.

Tsakuwar da ake zagin shinkafar gida da ita, a wajen shanya take shiga, saboda a bakin titi da ƙasa ake bazawa. Daɓen siminti na shanya a kowace unguwa bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019 kasuwarmu ta buɗe sosai, injina suka ƙaru, amma wurin shanya bai ƙaru ba. Itace kuma kullum tsada yake. Mata suna fitowa layin zaɓe fiye da kowa, amma in ana taron masu ruwa ko na rabon tallafi, sai a ce ai ba su da gona.

Bahaɗeje:
'Yan uwa na Kano, ku yi haƙuri in tuna muku cewa kogin bai ƙare a Kura ba. Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa ya zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya shigo Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ragowar ta bi Komadugu Yobe har iyakar Nijar wajen Diffa. Kafin Tiga da dam ɗin Challawa da aka gama a 1992, ambaliya tana zuwa da damina ta janye da rani, a yi shinkafa, a kama kifi, shanu su samu ciyawa. Yanzu ruwa yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da kacala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan jan-baki. Wani gari ruwa ya ci gonarsa, wani kuma ba ya ganin ɗigo. Tun da aka yanke Jigawa a 1991, mu da ku ba ma haɗuwa a majalisar jiha ɗaya. Duk ƙarin hekta da kuke nema a sama, a lissafa da mu.

Baba Injiniya:
Ɗana, maganarka tana kan hanya, kuma ita ce dalilin da ya sa ba na goyon bayan masu cewa a miƙa wa jiha ko ƙaramar hukuma dam. Kogin da ya ratsa jihohi dole hukumar da ta fi jiha ta riƙe shi. Ku tuna Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ɗan Madobi ne, ma'aikacin ruwa ne tun asali, ya yi gwamna sau biyu, amma ƙofar Tiga ba ta taɓa zama a ƙarƙashin ofishin gwamna ba.

Abin da ya dace a sauko da shi ƙasa shi ne ƙananan kanaloli. Shirin gyaran noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, na dala miliyan 495, wanda ya haɗa da nan da Bakolori da kwarin Haɗeja, a kan wannan aka gina shi: hukuma ta riƙe dam da babban kanal, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙe na cikin sashe, su tara kuɗin ban ruwa, su yi gyara da wani kaso. An gyara kanaloli da ƙofofi da dama. Amma siminti ba ya yashe kansa. Ƙungiyar da mai haya ba ya cikinta, alhali shi ke noma gonar, ba za ta iya tara kuɗi ba. Mai gonar yana birni, mai hayar yana cewa shi na shekara ɗaya ne.

'Yar Bunkure:
Baba, to ina amfanin hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye? An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Oktoban shekarar, jam'iyya mai mulkin jiha a lokacin ta ɗauki duka 44, kamar yadda aka saba gani a jihohi da yawa ko wace jam'iyya ce. Ciyaman da ya san daga sama aka ɗauko shi, sama zai riƙa kallo.

Mai Lissafi:
Ƙanwata, ko da kuɗin ya sauko, albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya ne zai fara cinye mafi yawansa. Shi ya sa nake ganin a nemi abin da ba ya cin kuɗi da yawa. Misali rajistar masu noma a kowane sashe, da sunan wanda ke noman a bana, ba wanda ya gada ba. Da ita za a raba taki, da ita za a karɓi kuɗin ban ruwa. Sai lafiya: yaran da ke wanka a kanal suna kamuwa da tsargiya, sauro kuma ba ya ɗaukewa ko da rani. Maganin tsargiya a makarantu ake rabawa, aikin sashen lafiya na ƙaramar hukuma ne ya tabbatar ya kai makarantun allo ma.

Ɗan Kadawa:
Ni abin da zan ƙara, ciyamomin uku su zauna da hukumar kogi da shugabannin ƙungiyoyin ruwa sau ɗaya kafin rani, a fitar da ranar buɗe ruwa da ranar rufewa don gyara, a sanar a masallatan Juma'a da rediyo. Mai alkama yana buƙatar ya shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. In ya makara, zafin Maris zai same ta tana cika ido, ƙwayar ta tsumure. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wanda ruwan kanal ya yanke masa ba kowa ne ke iya ceton gonarsa da injin ban ruwa ba. Sanin rana kaɗai zai hana asara mai yawa.

Malamin Gona:
Baba Injiniya, in an samu wannan zama, ta ina za a fara yasa? Sassa da yawa suna farawa daga bakin ƙofa, ƙarfi ya ƙare kafin a kai ƙarshe.

Baba Injiniya:
Daga magudanar fitar da ruwa za a fara, Malam, kuma daga ƙarshenta a yo sama, don ruwan da ya kwanta ya samu hanya wurin ya bushe. Sannan kanal mai kawo ruwa, shi ma daga ƙarshe zuwa ƙofa, kowa ya fito har na bakin ƙofa, kada a buɗe ruwa sai an gama. Kacala a tono ta da saiwarta, in an sare sama kawai cikin 'yan makonni za ta dawo. Lakar da aka kwashe a zuba ta bayan gaɓa a daddanne, kada a tara a leɓen kanal, ruwan farko zai maido ta. Duk inda aka fasa a toshe da ƙasa mai laka, a hankali ana dannawa, ba da buhun yashi ba. Juyin ruwa kuma a fara ba na ƙarshe, a rubuta ranakun a allo a bakin ƙofa. Lokacin aikin shi ne Oktoba, bayan ruwan sama ya ɗauke, kafin masu alkama su fara gyaran ƙasa.